Ƙwayar da Na Ɓoye a Rumbu

Iyaye da 'yan'uwa, ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ya bar ni da rai har na tsaya a gabanku yau. Ku ce Haleluya mana! A'a, wannan ta waɗanda ba su karya kumallo ba ce. Ku sake. Yawwa, yanzu na ji.

Fasto ya ce minti biyar zai ba ni. Na ce to, amma ya tuna idona ba ya ganin agogon bangon nan sosai.

Ga baƙin da ba su san ni ba, sunana Ayuba. Manomi ne ni, kuma ɗaya daga cikin dattawan wannan ikilisiya. A wani ƙauye can bayan Kuyello aka haife ni, a can na yi aure, a can muka haifi 'ya'yanmu. Da daji ya ƙi zaunuwa ne muka kwaso 'yan komatsanmu muka dawo nan bakin gari, aka ara mini gona ina taɓa masara da dawa. Waccan mai jan ɗankwali da ke sunkuyar da kai ita ce matata Rifkatu, Maman Alheri. Ta roƙe ni tun a gida kada in ambaci sunanta. Ga shi na ambata.

Sai na fara da abin da ba na son tunawa, domin in ban faɗe shi ba, ba za ku gane sauran ba. Ni mashayi ne a da. Ba irin mai kurɓa ɗaya ranar kasuwa ba. Nakan fita da tiyoyin dawa a buhu, in dawo da buhu wayam, ina tangaɗi ina zagin itatuwa. Kun san matanmu na Gbagyi a kafaɗa suke ɗaukar kaya, ba a ka ba. To kafaɗar Rifkatu ta ɗauki itace, ta ɗauki doya, ta kuma ɗauki ni. Daga bakin rafi ta ɗauko ni, daga gindin ɗorawa ta ɗauko ni, har daga ƙofar gidan da ba namu ba. Ta wanke ni, ta wanke rigata, ta ba ni tuwo.

Ranar da na tuba, 'yarmu Alheri tana goye a bayanta. Na yi wa Allah alkawari, na juya na yi wa Rifkatu alkawari, na ce ƙwaryar burkutu ba za ta sake taɓa bakina ba. Yau Alheri tana da 'ya'ya uku, kuma ban karya ba. Ba ƙarfina ba ne, alherin Ubangiji ne!

Bayan mun dawo gari aka ce ina da hawan jini. Wa zai rasa shi bayan abin da idanunmu suka gani? Wanda ya gano shi kuwa surukina ne, Ɗanladi, mijin Alheri, ma'aikacin lafiya a ƙaramin asibitin unguwarmu. Mutumin kirki. Damina uku ya yi yana mini noman surukuta kafin in ba shi 'yata, yadda al'adarmu ta ce. Har yau in ya zo gidana, tun daga ƙofa yake cire takalmi, ya durƙusa, idonsa a ƙasa. Ni ma in yana nan, a hankali nake tauna abinci.

Duk wata nakan je wurinsa ya ɗaura mini abin awon nan a hannu, ya rubuta abin da ya gani, ya ba ni ƙwayoyina, guda ɗaya kowace safiya. Kullum kuma sai ya tambaya, "Baba, akwai wani abin da ke damunku?"

Ni kuma in ce, "Babu komai, sai godiya."

Ƙarya nake yi, 'yan'uwa. Akwai abin da ke damuna ƙwarai.

Iyaye mata ku yi mini haƙuri, zan faɗa a fili. Fitsari ne ya fara yi mini gardama. In ji ya matsa mini kamar zan fashe, in je, in jira, in jira, sai ɗigo-ɗigo. In dawo, kafin in gyara zama ya sake kira. A gona, kafin in kai ƙarshen layi ɗaya na zaga bayan masara sau biyu. A sujada na daina zama a tsakiya, na koma bakin ƙofa, ina cewa iska nake so. Maza masu furfura da suka koma kallon silin yanzu, na san kun gane abin da nake faɗa.

To ku gaya mini, ta ina zan fara? In dubi mutumin da ya durƙusa ya nemi auren 'yata, in ce masa ga yadda fitsarina yake fita? Haba! Na gwammace in mutu da abina. Haka na ce a raina, kuma saura ƙiris Allah ya amsa mini.

Ina da aboki, Malam Sule mai awon hatsi a kasuwa. Musulmi ne, tare muka yi samartaka, babu abin da bai sani ba game da ni. Wata rana muna hira a rumfarsa na tashi sau uku. A na ukun ina dawowa ya dube ni ya yi murmushi.

"Ayuba, ashe kai ma ta kama ka?"

Na ce, "Wace ce?"

"Kada ka yi mini fulako, ni ma na yi wannan zaryar. Likita a Kaduna ya ce wani ɗan nama ne a ƙarƙashin mafitsarar namiji, in shekaru suka ja sai ya kumbura ya matse hanya. Ya rubuta mini magani. Wallahi yanzu kamar famfo."

Ya zaro kwalin maganin da ya ƙare daga aljihu ya miƙo mini. Na kai wani kemis da ba a san ni ba, na nuna, aka ba ni irinsa. Ba a tambaye ni ko ina shan wani magani ba, ni ma ban faɗa ba. Na zo gida na tura shi ƙarƙashin dammunan dawa a rumbu, don na san in Rifkatu ta gani za ta gaya wa Alheri, Alheri kuma ba ta iya ɓoye wa mijinta ko tari.

Daga nan na tsara abina. Kowace safiya in sha ƙwayar hawan jini a gaban Rifkatu da kunu, sannan in ce bari in leƙa rumbu ko ɓeraye sun shiga, in haɗiye ɗayar a can. Ɓerayen gidana ba su taɓa samun kulawa irin ta lokacin nan ba.

Kuma maganin ya yi aiki! Hanya ta buɗe. Na ji kamar an mayar mini da shekara ashirin. Har na yi wa Malam Sule addu'a a zuciyata.

Sai jiri ya zo. In na sunkuya ina cire ciyawa na ɗago, sai in ga duhu, kunnuwana su yi ƙara, gona ta juya. In na tashi daga kujera sai na dafa bango. Ni kuma a sanina, jiri alama ce ta jini ya hau, haka kowa yake faɗa a garin nan. Sai na zama likitan kaina. Duk ranar da jiri ya dame ni, in ƙara ƙwayar hawan jini guda da rana. Abin sai ƙaruwa yake yi, ni kuma ina ƙara sha.

Wata rana na miƙe a gona da fartanya a hannu, ban san abin da ya faru ba, sai na farka kuncina a cikin laka. Na dawo gida ina jan ƙafa, gefen rigata duk taɓo. Rifkatu tana tankaɗe a tsakar gida. Ta dubi rigar, ta dubi tafiyata, ta ajiye rariya a hankali. Ta san wannan rigar, ta san wannan tafiyar. Ta tashi ta ɗebo mini ruwan wanka.

Abin da ya biyo baya da yawanku kun gani da idonku. Ranar Lahadin Jibin Ubangiji ce. Mun daɗe a durƙushe muna addu'a, aka ce dattawa su tashi su raba. Na miƙe da sauri, na ɗauki faranti cike da ƙananan kofuna, na yi taku biyu. Sai ƙafafuna suka harɗe, na yi dama, na yi hagu, na zube a gaban bagade, kofuna suka watse har ƙarƙashin benci.

Da aka yayyafa mini ruwa na buɗe ido, na ji wata murya a baya ƙasa-ƙasa tana cewa, "Ashe Dattijo ya koma." Na san mai muryar. Ba zan faɗa ba, na riga na yafe mata, kuma ba ta yi laifi ba. Duk wanda ya san Ayuban da, abin da zai ce ke nan.

Washegari Fasto ya zo gida. Ya ce, "Dattijo, ba mu yanke komai ba, amma maganar ta yi yawa. Ranar Asabar dattawa za su zauna, muna so ka zo." Na ce to.

Amma ba zaman dattawa ne ya karya mini zuciya ba. Da Fasto ya tafi, Rifkatu ta jawo kujera ta zauna daf da ni, ta riƙe hannuna.

"Baban Alheri, in ka koma, gaya mini. Na ɗauke ka a da, zan sake ɗauka. Ƙarya ce kaɗai ba zan iya ɗauka ba."

Na ce, "Rifkatu, Allah ya sani ban sha ba."

"To me kake zuwa yi a rumbu kowace safiya?"

Na yi shiru.

'Yan'uwa, wannan shirun shi ne mugun abin da na taɓa yi wa matar nan, har da shekarun giya. A da in na cuce ta, ba na cikin hankalina. Wannan kuwa da hankalina garau na ga hawaye ya cika idonta, na bar shi ya zubo, don kawai kada a ji labarin fitsarin dattijo. Ta saki hannuna ta tashi. Kwana uku tana dafa mini abinci tana ajiyewa, amma babu hira, babu tsokanar nan tata, babu waƙar da take yi in tana shara. Gidan ya yi mini faɗi. Amanar da muka yi shekara da shekaru muna ginawa, ina kallo tana zubewa.

Ranar Alhamis da hantsi na lallaɓa na tafi gona, ba don aiki ba. Akwai wata kaɗanya a ƙarshen gonar, wajen da daji ya fara. Na durƙusa a gindinta na fara addu'ar da na daɗe ina yi: "Ya Ubangiji, ka warkar da ni a ɓoye, kada kowa ya sani." Na faɗa sau ɗaya, na faɗa sau biyu. A na uku sai kalmomin suka ƙi fita. Na ji kaina da kunnena. Ashe ba warkarwa nake roƙo ba, roƙon Allah nake ya taya ni ɓoyo. Ban ji murya daga sama ba, ba zan yi muku ƙari ba. Amma tambaya ɗaya ta tsaya mini a ƙirji ta ƙi motsi: Ayuba, tsakanin kunyarka da hawayen Rifkatu, wanne ya fi nauyi?

Na yi kuka a wurin nan, kuka sosai, tsoho da ni. Na ce, "Yesu, ka raba ni da giya, ashe akwai abin da na riƙe ban ba ka ba. Ga girman kaina, ga kunyata, karɓi." Da na zo tashi sai jirin ya sake ɗebe ni. Na rungume kaɗanyar nan har duhun ya wuce, sannan na kama hanyar gida a hankali.

Kai tsaye rumbu na nufa. Na ciro kwalin na ajiye a gaban Rifkatu, tana ɓarar gyaɗa. Ta juya shi, ta sake juyawa.

"Wannan ce giyar?"

Na zauna a ƙasa na gaya mata komai, ina kallon yatsun ƙafata. Sai na ji wani sauti, na ɗauka kuka ne. Na ɗago, ashe dariya take yi, har gyaɗa tana zubewa daga zaninta, hawaye yana gangarowa.

"Fitsari? A kan fitsari ka bar ni kwana uku ba na iya haɗiye tuwo? Baban Alheri, ɗaki ɗaya fa muke kwana! Kana tsammani ban san sau nawa kake fita ba? Tun bara na sani. Jira nake ka faɗa da bakinka."

Sannan dariyar ta tsaya, ta nuna ni da yatsa. "Gobe da safe za ka ɗauki wannan kwalin da na hawan jinin, mu je wurin Ɗanladi. In bakinka ya yi nauyi, nawa bai yi ba."

Haka aka yi. Muka shiga, ta zube kwalaye biyu a kan teburinsa, ta bayyana masa komai tiryan-tiryan, har da ƙarin da nake yi da rana. Ni ina kallon kalandar bango kamar ban taɓa ganin kalanda ba. Ɗanladi ya sa na kwanta ya auna ni. Ya ce in miƙe, ya sake aunawa yana riƙe da gwiwar hannuna. Na ga fuskarsa ta canza.

Ya ce, "Baba, jininku ba hawa yake yi ba, faɗuwa yake yi. Maganin nan na Malam Sule mai kyau ne, likitoci suna ba da shi. Aikinsa ya sassauta hanyar fitsari, amma yana sassauta hanyoyin jini ma, sai jini ya sauka. Na hawan jini kuma dama aikinsa ke nan. Kun haɗa su a safiya ɗaya, kuka kuma ƙara da rana. Shi ya sa in kun miƙe, jini ba ya isa kai da wuri. Da a kan dutse kuka faɗi, ko kuna kan mashin, da yanzu wata maganar muke yi."

Sai ya sauko daga kujerarsa ya durƙusa, a cikin ofishinsa, da farar rigarsa.

"Baba, ku yafe mini, ni ma ina da laifi. Na daɗe ina ganin kuna fita zagayawa sau biyu kafin layi ya zo kanku. Na san abin da hakan yake nufi. Nauyinku ne ya hana ni tambaya."

Rifkatu ta dube shi, ta dube ni, ta tafa hannu. "Ku biyun nan! Wannan yana jin nauyin wancan, wancan yana jin nauyin wannan, saura kaɗan ku mayar da ni gwauruwa cikin ladabi."

Ɗanladi ya rubuta mini takarda zuwa wurin likita. Likita ya duba ni, aka ɗebi jini aka gwada, ya ce kumburi ne irin na shekaru, ba mugun ciwo ba. Ku yabi Ubangiji! Bai hana ni ko ɗaya daga cikin magungunan ba. Ya rage ƙarfin ɗaya, ya raba musu lokaci, ɗaya da safe ɗaya lokacin kwanciya. Ya ce in zan tashi in fara zama tukuna, in riƙa tafiya gona da ruwan sha, kuma kada in ƙara, kada in rage, kada in daina da kaina. Tun daga nan ban sake faɗuwa ba.

Malam Sule ya zo gaishe ni, duk jikinsa ya yi sanyi. Shi ba shi da hawan jini, kuma likitansa ya san duk abin da yake sha. Ya ce, "Ayuba, alheri na nufa, ka yafe mini." Na ce masa babu abin yafewa, shi kwali ya ba ni, ɓoyon nawa ne.

Ranar Asabar ɗin nan kuwa na je zaman dattawa da kwalayena biyu a aljihu, na faɗa musu gaskiya. Aka yi addu'a, aka rufe magana. A bakin ƙofa dattawa biyu suka ja ni gefe, kowa daban, suna tambayata yadda ake ganin likitan. Su ma ba zan faɗi sunansu ba.

Da kowa ya watse, Fasto ya ce in tsaya. Ya ce, "Dattijo, akwai abin da ya kamata ka sani. Ranar Laraba Maman Alheri ta zo wurina." Laraba fa, 'yan'uwa, kafin in gaya mata komai, lokacin da ta tabbata a ranta cewa na karya alkawari. Kun san a nan wanda aka sa a ƙarƙashin horo bencin baya yake komawa, kowa yana wucewa yana ganinsa. Fasto ya ce ta ce masa, "Ina ganin mijina ya koma shan giya. Ban zo in kare shi ba. Amma in kun yanke ya koma bencin baya, ku gaya mini da wuri, in ajiye rigar ƙungiyarmu ta zumuntar mata in je in zauna kusa da shi. Ba zai zauna a can shi kaɗai ba."

Ita ba ta taɓa gaya mini ba. Sai yanzu take jin cewa na sani.

Ina gode wa Allah da ya tsare kaina daga dutse, ya ba ni suruki mai tsoronsa, ya kuma ba ni matar da ban cancanta ba. 'Yan'uwana maza, kada ku sha maganin abokinku don ciwonku ya yi kama da nasa. Duk abin da kuke haɗiya, ku zube shi a gaban mai duba ku, ko da surukinku ne. Ku dogara ga Yesu, ku kawo masa har abin da kuke jin nauyin faɗa, ba zai kunyata ku ba. Ni shaida ne. Amin!

Fasto, na san na cinye mintina biyar har da na wasu. Roƙo ɗaya ya rage mini. Na san maza da mata ba sa haɗa benci a majami'ar nan, amma yau kaɗai ka yi mini izini, ba zan koma kujerar dattawa ba.

Maman Alheri, share idonki. Matsa mini kaɗan.